Taimin bel ɗin a-kori-kura mai injin dizal da abubuwan da ke kewaye da shi

Yawancin kayan mota suna sanar da mai ita kafin su lalace. Birki yakan fara ƙara, kuloci yakan fara santsi, batir kuma yakan nuna kasala da safe kafin ya daina tayar da injin gaba ɗaya. Taimin bel ba ya cikin wannan sahu, domin yana iya yin aikinsa daidai har zuwa daƙiƙar da zai tsinke ko haƙoransa su zube, kuma a injin dizal wannan daƙiƙa guda ta isa ta jawo aikin da zai kai ga sauke kan silinda. Ra'ayina game da shi, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja a nan, shi ne cewa bel ɗin da kansa ba kasafai yake zama tushen matsala ba. Galibi wani abu ne a maƙwabtansa yake kashe shi, saboda haka wanda ya canza bel kaɗai ya bar sauran kayan da suka tsufa tare da shi bai gama aikin ba.

Sai an fahimci abin da bel ɗin yake haɗawa kafin a gane dalilin da ya sa tsinkewarsa take da tsanani. A ƙasan injin akwai karanshaf, wanda fistin ke juyawa, a sama kuma akwai kamshaf, wanda ke buɗe bawul-bawul na shigar iska da na fitar hayaƙi. Injin yana kammala aikinsa ne a matakai huɗu, wato shan iska, matse ta, ƙonewar mai, da fitar da hayaƙi, kuma kafin waɗannan matakai su cika sai karanshaf ya zagaya sau biyu yayin da kamshaf ya zagaya sau ɗaya. Taimin bel ne yake riƙe wannan lissafi na biyu da ɗaya, shi ya sa aka yi masa haƙora masu shiga cikin ramukan fuli, wato faifan da bel yake zagayawa a kansa, saɓanin fanbel wanda santsi kaɗan ba ya hana shi aiki. Idan injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya, karanshaf yana zagayawa sau 50 ke nan a kowace daƙiƙa, kamshaf kuma sau 25, kuma ba a yarda ɗayansu ya riga ɗan'uwansa ko da haƙori guda ba.

Abin da ya sa lamarin ya fi muni a dizal shi ne yadda injin yake ƙona mai. Ba shi da filogin da ke ba da tartsatsi kamar injin fetur, zafin iskar da aka matse ne yake kunna man, don haka dole a matse iskar sosai, ninki 15 zuwa 22 gwargwadon ƙirar injin. Matsi irin wannan yana nufin fistin yana hawa har ya kusa taɓa kan silinda, ba a bar wani fili na a zo a gani ba. Wurin da bawul yake leƙowa idan ya buɗe shi ne wurin da fistin yake isa idan ya hau, kamar mutum biyu da ke kwana a gado ɗaya bisa karɓa-karɓa, ɗaya ba ya shigowa sai ɗayan ya tashi. Da zarar bel ya tsinke, kamshaf zai tsaya da wasu bawul-bawul a buɗe, karanshaf kuwa zai ci gaba da juyawa saboda nauyin da ke ɗauke da shi da kuma gudun motar, sai fistin ya hau ya same su a hanya. Sakamakon yakan kasance bawul-bawul sun lanƙwashe, hannuwan da ke danna su sun karye, wani lokaci ma kamshaf ɗin kansa ya tsage ko saman fistin ya samu rauni.

Kafin mai mota ya fara lissafin lokacin canji, ya kamata ya tabbatar cewa injinsa yana da bel ɗin ma tukuna, domin sunan mota kaɗai ba ya amsa wannan tambaya. Toyota Hilux misali ne mai kyau. Tsofaffin injinanta na dizal, wato 2L da 3L da 5L, suna da dogon bel guda wanda ya taso daga karanshaf ya ratsa famfon dizal ya kai ga kamshaf. Injinan da suka biyo baya, 1KZ-TE da 1KD-FTV mai lita 3.0 da 2KD-FTV mai lita 2.5, an yi musu wani tsari daban, inda giya-giya na ƙarfe suke ɗaukar juyi daga karanshaf zuwa famfon dizal, sannan gajeren bel ya ɗauka daga can zuwa kamshaf. Haka tsarin yake a injin 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser. Daga shekarar 2015 kuma Hilux ta fara zuwa da injinan 1GD-FTV da 2GD-FTV, waɗanda sarƙa ce take juya kamshaf ɗinsu. Mitsubishi L200 mai injin 4D56 tana da bel har guda biyu a bayan murfi ɗaya, amma wadda ta zo da injin 4N15 sarƙa gare ta. Nissan Navara mai injin YD25 sarƙa ce, haka ma Ford Ranger mai lita 2.2 da 3.2, alhali tsohuwar Ranger mai injin WL da Volkswagen Amarok mai lita 2.0 duka bel suke amfani da shi. Lambar injin tana rubuce a jikinsa da kuma a farantin bayanan motar, kuma wadda ke jikin injin ita ce abin dogaro, musamman a motar da ta daɗe tana aiki wadda mai yiwuwa an taɓa sauya mata injin.

Maganar lokacin canji a gajarce take. Toyota ta sanya kilomita 100,000 ga injinan 2L da 3L da 5L, ta kuma sanya kilomita 150,000 ga 1KD da 2KD, sauran kamfanoni ma kowanne yana da nasa adadin a littafin motar. Da yawa daga cikinsu suna haɗa kilomita da shekaru, su ce a bi wanda ya riga cika, domin roba tana tsufa ko da motar tana ajiye. Abin da nake ganin ana yawan mantawa da shi shi ne cewa mitar da ke gaban direba tafiyar taya take ƙirgawa, ba ta san sau nawa injin ya juya ba. A-kori-kurar da ke kwana tana sulo a wurin aiki, ko wadda ke jan kaya masu nauyi da ƙaramar giya a hanya marar kwalta, bel ɗinta yana yin aikin da ya zarce abin da mita ta nuna nesa ba kusa ba. Irin wannan mota ban ga hikimar jira sai adadin littafi ya cika cif ba.

Akwai wutar da ke kamawa a gaban direba a motocin Toyota masu dizal, mai rubutun T-BELT, kuma mutane da dama suna ɗaukar ta a matsayin shaidar lafiyar bel. Wannan wuta ba ta da wata na'ura da ke duba bel ɗin, kilomita kawai take ƙirgawa ta kama idan adadin ya cika. A tsofaffin motoci ana kashe ta ne ta hanyar danna wani ɗan maɓalli da ke ɓoye a bayan toshiyar roba a jikin mita, a sababbi kuma da maɓallin da ke sauya lissafin kilomita. Ma'anar wannan ita ce kowa yana iya kashe wutar ba tare da ya taɓa injin ba. Wanda ya sayi mota ta hannu, bai kuma samu rubutacciyar shaidar ranar da aka yi canjin ƙarshe da kilomitar da aka yi shi ba, abin da ya fi masa shi ne ya ɗauka ba a taɓa canzawa ba, ya yi aikin tun kafin ya fara dogayen tafiye-tafiye.

Wasu sukan buɗe murfin sama su leƙa, idan suka ga bel ɗin baƙi sumul babu tsaga sai hankalinsu ya kwanta. Duban ido yana da amfani wajen gano bel ɗin da ya riga ya lalace, amma ba ya iya tabbatar da lafiyar wanda bai nuna komai ba. Ƙarfin bel yana cikin zaruruwan gilashi da aka binne a tsakiyar robar, su ne suke hana shi miƙewa, kuma gajiyarsu ba ta bayyana a waje. Haƙoran kuma daga gindinsu suke fara rabuwa da jikin bel, a ɓangaren ciki wanda ke manne da fuli. Shi ya sa sau da yawa bel ba ya tsinkewa gida biyu, sai dai wasu haƙora a jere su aske a daidai ƙaramin fulin karanshaf, fulin ya ci gaba da juyawa a cikin bel ɗin da ya tsaya cak, kuma ɓarnar da hakan ke yi daidai take da ta tsinkewa.

Yanzu sai maƙwabtan, waɗanda su ne ainihin abin da ya sa na yi wannan rubutu. Na farko shi ne tenshina, wato abin da ke danna bel ya tsaya da taurin da ya dace, tare da fulin da ke juyawa a kansa da sauran fuli-fuli marasa haƙora da ke daidaita hanyar bel. Kowane ɗayansu yana da boris a ciki, wanda aka cika da giris aka rufe tun daga masana'anta, ba a kuma ƙara masa wani. Boris ɗin ya yi juyi a cikin zafi ɗaya da bel na tsawon kilomita 100,000 ko fiye, kuma idan aka sa sabon bel aka bar shi, ana neman ya yi ninkin wa'adinsa ke nan. Ranar da giris ɗinsa ya bushe zai kama, bayan bel ya riƙa gogar ƙarfen da ba ya motsi har robar ta ƙone, ko kuma boris ɗin ya tarwatse bel ya sauka daga hanyarsa. A irin wannan yanayi za a ce sabon bel ya tsinke, a zargi wanda ya sayar da shi, alhali laifin yana ga fulin da aka juya da hannu aka ce ai da sauransa. Juya boris da yatsa yana iya tona wanda ya mutu, idan ya yi ƙara ko ya yi kaushi ko ya yi girgiɗi, amma ba zai gaya wa kowa sauran kilomita nawa suka rage masa ba.

Tenshina iri-iri ce. A injinan 3L da 5L sifirin ne yake jan fulin ya danna bel, sannan a ɗaure notinsa ya tsaya a nan, kuma sifirin ɗin da ya saki ba zai ba da taurin da ake bukata ba, don haka shi ma a sabunta shi. A 1KD da 2KD kuwa tenshina mai mai a ciki ce, wadda ɗan sandanta ke turowa waje yana bin motsin bel. Idan aka ga mai yana tsiyaya daga bakinta, ko aka iya tura sandan ciki da ƙarfin hannu kawai, ta gama aiki. Sabuwa takan zo da ɗan fil da ya riƙe sandan a ciki, ba a zare shi sai bel ya zauna an tabbatar da maki. Idan dole ta sa za a mayar da tsohuwa, ana matse sandan ne sannu a hankali tana tsaye, domin matsa ta da gaggawa yana lalata abin da ke cikinta.

Abu na biyu shi ne mai, ko baƙin mai ko dizal. A bayan fulin karanshaf da na kamshaf akwai oyil sil da ke hana baƙin mai fitowa, kuma a injinan da bel ke juya famfon dizal kai tsaye akwai wani sil ɗin a bakin famfon. Robar busasshen bel ba ta jure mai, yana sa ta kumbura ta yi laushi, haƙoran su rasa riƙonsu. Idan aka buɗe murfi aka tarar da danshin mai a ciki, sai a bi shi har inda ya fito a toshe shi, domin sa sabon bel a wurin da mai ke ɗiga asarar bel ce kawai. Bel ɗin da ya riga ya jiƙa kuma ba a wanke shi a mayar, ko da bai daɗe da sakawa ba. Akwai togiya guda a nan da ya dace a sani: injin EcoBlue mai lita 2.0 da ke cikin wasu sababbin Ford Ranger an ƙera bel ɗinsa ne don ya yi aiki a cikin baƙin mai, da wata roba ta musamman. A irin wannan injin nau'in baƙin man da lokacin juye shi su ne rayuwar bel, domin man da bai dace ba ko wanda ya wuce lokacinsa yana cinye robar, ɓarɓashinta kuma ya je ya toshe rariyar famfon mai.

Na uku shi ne famfon ruwa. A wasu injinan, kamar na Amarok mai lita 2.0, taimin bel ne yake juya shi, saboda haka idan boris ɗinsa ya kama zai tafi da bel ɗin, idan kuma ya fara yoyo ruwan zai zuba a kansa. A nan babu wata muhawara, tare ake canza su. A 1KD da 2KD bel ɗin waje ne yake juya famfon, amma ba a iya cire shi sai an sauke taimin bel da fulin kamshaf da murfin da ke bayansu, don haka wanda ya bar tsohon famfo yana iya biyan ladan aiki iri ɗaya sau biyu. A ganina idan famfon ya kai shekarun bel ɗin, gara a haɗa su a aiki guda.

Masu L200 da injin 4D56 suna da ƙarin abin lura. Ƙaramin bel na biyu yana juya sandunan da ke rage girgizar injin, kuma yana zaune ne a bayan babban bel. Saboda injin yana iya tafiya ba tare da shi ba, wasu suna raina shi su bar tsohon. Matsalar ita ce idan ya tsinke ba shi da inda zai faɗa sai cikin hanyar babban, ya shige tsakaninsa da fuli ya sa shi tsallake haƙora. Shi da tenshinarsa suna cikin kayan canji, kuma sandunan da yake juyawa suna da nasu makin da dole a saita, in ba haka ba injin zai riƙa girgiza fiye da da.

Game da sayen kaya, araha ba ta ado a wannan wuri. Jabun bel yana iya zuwa da kwali da tambari masu kama da na gaske, don haka a saya daga wurin da aka amince da shi, a kuma yi amfani da lambar injin wajen nema. Kafin a saka, a jera sabon da tsohon a ƙirga haƙora a gwada faɗi. Bel ɗin 3L da 5L haƙori 129 gare shi, na 1KD da 2KD kuma 97. A dubi siffar haƙorin ma, domin wani mai zagaye ne wani kuma mai kusurwa, kuma bel ɗin da siffarsa ta saɓa da ta fuli zai iya shiga ya yi kamar ya zauna, amma ba zai daɗe ba. Kada a lanƙwasa sabon bel da ƙarfi ko a murɗe shi ko a juya cikinsa waje don a gwada ingancinsa, wannan gwaji da kansa yana karya zaruruwan da ke ciki.

Aikin kansa ana fara shi ne injin yana da sanyi, an cire wayar batir. Yawan abin da za a kwance ya danganta da injin. A 1KD murfin bel yana kusa, ba a ma taɓa fulin karanshaf, shi ya sa aikinsa yake da sauƙi. A 3L da 5L sai an cire fanka da fanbel da babban fulin karanshaf, wanda notinsa yake da tauri ƙwarai, kuma yana bukatar abin riƙe fulin da abin zaro shi, ba guduma ba. Bayan an buɗe, sai a juya karanshaf da hannu ta fuskar da injin yake juyawa har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa a matakin matsi, a ga makin kowane fuli ya yi daidai da nasa a jikin injin. Ina ba da shawarar a ɗauki hoton makin da waya tun tsohon bel yana kai, domin hoton yana kashe gardama idan an zo mayarwa. Wasu injinan, kamar na Volkswagen, ba maki kaɗai suke dogara da shi ba, suna da fil-fil na musamman da ake kulle karanshaf da kamshaf da famfo da su, kuma bakaniken da ba shi da su bai kamata ya karɓi aikin ba.

Da zarar an sauke bel, karanshaf da kamshaf sun rabu, kuma juya ɗayansu da yawa yana iya haɗa fistin da bawul ko da injin a kashe yake. A bar su yadda suke. Wannan ne kuma lokacin karanta tsohon bel, wanda abin takaici akan jefar da shi ba tare da an dube shi ba, alhali yana ɗauke da labarin abin da ke faruwa a bayan murfin. Idan gefe ɗaya ya cinye har zare ya fito, akwai fulin da ya karkace ko boris ɗin da ya yi girgiɗi. Idan bayansa ya yi ƙyalli ya tsattsage, ya sha zafi ko ya gogi fulin da ba ya juyawa sosai. Idan yadin da ke kan haƙoran ya goge, taurin bai yi daidai ba ko ramukan fuli sun yi kaifi. Idan kuma haƙoran sun zube a wuri guda alhali sauran bel ɗin lafiya lau, to a binciki kamshaf da famfon dizal ko ɗayansu ya yi nauyin juyawa, domin sabon bel ma haka zai ƙare.

Wajen sakawa, a share fuli-fulin su bushe tsaf, a bi kibiyar da ke jikin bel idan yana da ita, a fara daga fulin da ke ja, a tabbatar ɓangaren da ba shi da tenshina ya miƙe sosai, duk sakin ya taru a ɓangaren tenshina. Bel yana shiga da hannu. Idan har sai an sa sukurudireba an ɓanɓare shi kafin ya hau, to akwai abin da ba a saki ba, kuma ƙarfen ya riga ya yi wa zaruruwan illa. Taurin ma ba a auna shi da ra'ayi. Bel mai tauri fiye da kima yana kuka kamar fito, yana kuma cinye boris ɗin famfo da na fuli, mai saki kuwa yana kaɗawa yana dukan murfi har ya tsallake haƙori. Notuna kuma a ɗaure su da sifana mai awo bisa adadin da littafi ya faɗa, musamman na tenshina da na karanshaf, duk notin da littafi ya ce ba a mayar da shi kuma a sa sabo.

Mataki mafi muhimmanci a wurina shi ne wanda ke biyo bayan wannan, kuma bai wuce 'yan mintoci ba. A juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali, a dawo kan maki, a duba ko kowanne ya koma wurinsa. Zagaye biyu ake yi domin sai da su kamshaf yake cika zagaye ɗaya, kowane bawul ya buɗe ya rufe. Nauyin matsin iska yana zuwa a hankali ya kuma wuce, amma idan aka ji sifana ta tsaya cak kamar ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, a dakata nan take a koma kan maki. Cire hita filogi, wato masu ɗumama silinda kafin a tayar da injin, yana rage matsin, ya sa a fi jin bambancin. Kada a taɓa yin wannan gwaji da makulli, domin sitata ba ta jin abin da hannu yake ji, kuma ƙarfinta ya isa ya lanƙwasa bawul.

Kuskuren haƙori ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. A misali, idan fulin kamshaf yana da haƙori 40, kowane haƙori digiri 9 ne a kamshaf, wato digiri 18 a karanshaf. A injinan da bel ke juya famfon dizal, kamar 3L, irin wannan kuskure yana sauya lokacin da man ke shiga silinda. Idan ya makara motar takan yi wuyar tashi, ta yi farin hayaƙi, ta rasa ƙarfi, idan kuma ya yi sauri injin yakan yi ƙara mai kaifi kamar ana buga ƙarfe. Daga nan sai a ga an koma ana taɓa famfon dizal da nozul masu fesa mai, ana neman gyara a inda babu ɓaraka. A injinan zamani kwamfuta ce take yanke lokacin fesa mai, tana karanta matsayin injin daga na'urorinta, amma bawul-bawul har yanzu bel suke bi, don haka maki bai rage muhimmanci ba. Motar da take lafiya kafin canjin bel ta kuma sauya hali bayansa, wurin da za a fara dubawa a bayyane yake.

Bayan an rufe, idan an taɓa famfon ruwa a cika lagireto a fitar da iskar da ta maƙale, a bar injin ya yi zafi ana sauraronsa ana duba yoyo. Sannan a rubuta kwanan wata da kilomita da jerin kayan da aka canza, a manna a jikin murfi ko a ajiye a littafin mota, a kuma saita wutar gaban direba idan akwai.

Kula da bel tsakanin canji da canji bai da yawa, kusan duka kare shi ne daga abin da ke shigowa daga waje. Murfin robar nan da wasu suke barinsa a fashe ko su mayar da shi da rabin notuna shi ne yake hana ƙura da tsakuwa da laka isa ga haƙoran, kuma a-kori-kura ta fi ƙaramar mota shiga irin waɗannan wurare. Tsakuwa guda da ta faɗa tsakanin bel da fuli tana iya huda shi. Motar da ta ratsa ruwa mai zurfi ko taɓo ya kamata a buɗe murfinta na sama a duba. Fanbel ɗin da ya fara zarewa a canza shi da wuri, domin zarensa yana iya naɗewa a bayan fulin karanshaf ya kutsa cikin murfin. Injin da ya taɓa yin zafi har ruwa ya tafasa a duba bel ɗinsa, haka ma duk yoyon baƙin mai da aka gani yana gangarowa daga gaban injin. Tayar da mota da turi ko da ja yana fizgar bel farat ɗaya, kuma tsohon bel mai ɗan saki a irin wannan fizga yake tsallake haƙori, saboda haka gyara batir ko sitata ya fi mayar da turi al'ada.

Idan kuma abin ya riga ya faru, injin ya mutu ana cikin tafiya ba tare da wani dalili na fili ba, musamman idan an ji ƙara kafin ya mutu, kada a yi ta murɗa makulli ana fatan zai tashi. Alamar da aka fi ganewa ita ce sitata ta riƙa juya injin da sauri da sauƙi fiye da yadda aka saba, domin matsi ya tafi. Kowane ƙarin juyi yana iya ƙara yawan bawul ɗin da fistin zai daka. A ja motar zuwa gareji, a buɗe murfin bel da murfin bawul a duba hannuwan da kamshaf, a auna tazarar kowane bawul, domin wanda ya lanƙwashe ba ya komawa mazauninsa kuma tazararsa takan yi yawa. Bayan an sa sabon bel an juya da hannu, a auna matsin kowace silinda kafin a yarda cewa injin ya tsira, domin bawul ɗin da ya ɗan karkace yana iya barin mota ta tashi ta yi tafiya, daga baya kansa ya ɓalle ya faɗa cikin silinda.